Roma ta Uku: Wasan Kwamfuta da Ya Ɗora Imanin Rashawa a Kan Sikeli

Agogon wasan yana fara bugawa ne ranar 11 ga Nuwamba, 1444. Ba da ka aka zaɓi ranar ba. Kwana ɗaya kafin nan, a filin Barna da ke gaɓar Baƙin Teku, rundunar Sarkin Turkawa Murad na Biyu ta ragargaza gayyar Kiristocin Turai, sarkin Folan da Hangare ya faɗi a fagen fama. Daga wannan safiya wasan Europa Universalis IV yake miƙa maka taswirar duniya, ya ce zaɓi ƙasa ɗaya ka riƙe ta har shekarar 1821. Kana iya ɗaukar Faransa ko Daular Usmaniyya ta Turkawa. Kana ma iya gangarowa Afirka ta Yamma ka ɗauki Kano, Katsina ko Zazzau, don duk suna cikin taswirar. Amma in ka ja idonka can arewa maso gabashin Turai, za ka tarar da wata ƙasa cikin dazuzzuka da ƙanƙara, wadda ba ta da ko taki ɗaya na bakin teku mai amfani, sarkinta yana rigimar gado da ɗan uwansa, kuma Tatarawa na kudu har yanzu suna kallon ta a matsayin mai kai musu gaisuwa. Mosko ke nan.

Kamfanin Paradox da ke birnin Istokholm na ƙasar Suwidin ne ya fitar da wasan a watan Agustan 2013. Ba irin wasan da ake harbi da gudu ba ne. Aikin mai wasa shi ne aikin fada: tara haraji, ɗaura auren siyasa, aika jakadu, naɗa hafsoshi, kwantar da tawaye, da zaman jiran shekaru su wuce. Kamfanin yana da ɗabi'ar sayar da ƙari a kan wasan lokaci bayan lokaci, kuma a watan Yunin 2017 ya fitar da wanda ya keɓe wa Rasha da ɗarikar Kiristanci ta Otodoks, ya raɗa masa suna Third Rome, wato Roma ta Uku. Wannan ƙarin ne na zauna da shi dare da dama, ina kuma komawa ga tarihin da aka ɗebo shi daga ciki. Abin da na fito da shi shi ne, masu wasan sun karanta tarihin Rasha da kyau, amma daga kan karagar mulki suka karanta shi.

Sai an fara warware sunan. Mai karatun da ya san Suratur Rum ya riga ya san Roma ta biyu, ko da bai san ya sani ba. Rumawan da ake magana a kansu a can, masu sarki Hirakal, ba na Italiya ba ne. Na birnin Kustantiniya ne, wanda muke kira Santambul a yau, inda daular Rumawa ta ci gaba da rayuwa kusan shekara dubu bayan ta yamma ta rushe. Daga wannan birni Kiristanci ya shiga ƙasar Rus, lokacin da sarkin Kiyef, Biladimir, ya karɓi baftisma a 988. Da cocin gabas da na Paparoma suka raba gari a 1054, Rashawa sun tsaya a ɓangaren gabas. Ɗaruruwan shekaru, shugaban cocinsu daga Kustantiniya ake naɗo shi, kuma sau da yawa Bagirke ne.

Akwai wani abu da wasan ba ya nunawa domin ya faru kafin agogonsa ya fara, alhali shi ne tushen komai. Cocin Rasha a ƙarƙashin mulkin Tatarawa ya yi ƙiba. Sarakunan Mongol da suka ci ƙasar a ƙarni na 13 sun yafe wa coci haraji, kuma ko bayan sun musulunta a zamanin Uzbek Khan, wanda Ibn Battuta ya ziyarci fadarsa, ba su janye wannan rangwame ba. A cikin wannan inuwa ne shugaban cocin ya tashi daga Kiyef ya koma birnin Biladimir a 1299, daga baya kuma ya tare a Mosko wajen 1325. Sarakunan Mosko su ne masu tara wa Khan haraji daga sauran 'yan uwansu, ga kuma shugaban addini a bayan gidansu. Kowa ya san abin da ke faruwa in mai karɓar haraji da liman suka zama maƙwabta.

Lokacin da wasan ya buɗe, igiyar da ta ɗaure Mosko da Kustantiniya ta riga ta fara tsinkewa. A 1439, Rumawan da Turkawa suka ƙure sun je taron Fulorans sun amince su koma ƙarƙashin Paparoma, da fatan Turawan yamma za su kawo musu ɗauki. Shugaban cocin Rasha, Isidor, yana cikin waɗanda suka sa hannu. Da ya dawo Mosko a 1441 ya ambaci sunan Paparoma a cikin addu'a, sarki Basili na Biyu ya sa aka tsare shi. A 1448 bishop-bishop na Rasha suka zaɓi nasu shugaban, Yona, ba tare da neman izinin kowa ba. Shekara biyar bayan haka, ranar 29 ga Mayu, 1453, Muhammad al-Fatih ya shiga Kustantiniya. A idon malaman cocin Rasha, lissafin a fili yake: Girkawa sun sayar da addini, Allah ya ƙwace musu birni.

Ma'aunin da ke gefen allo

A cikin wasan, duk wannan ya dunƙule ya zama ma'auni ɗaya, daga sifili zuwa ɗari, wanda ake kira ikon Fatriyak, wato uban coci. In ma'aunin ya hau, talakawa mabiya Otodoks sukan rage bore, samarin da za a ɗiba soja su ƙaru, masu wa'azin da ka tura yankunan da ba na ɗarikarka ba su fi saurin cin nasara. Ƙarin Third Rome ya kawo hanyoyi biyu na wasa da ma'aunin. Ta farko, in wani lardinka ya bunƙasa kuma duk mutanensa sun zama 'yan Otodoks, kana iya naɗa masa babban bishop, ma'aunin ya ɗan ɗaga, kuɗin riƙe lardin su ma su ɗaga. Ta biyu ita ce wadda ta fi ɗaukar hankalina. Kana iya yankar wani kaso na wannan iko ka biya a zana maka ikon, wato hoton ibada, wanda zai yi maka aiki na shekara ashirin.

Hotunan biyar ne. Na Mala'ika Mika'ilu yana ƙara wa soja horo. Na Almasihu Mai Mulkin Kome yana rage tsadar gine-gine da raya ƙasa. Na Waliyyi Nikolas yana sanyaya zukatan maƙwabta in ka cinye ƙasar wani. Na Maryama rungume da jaririnta, wanda Girkawa ke kira Eleyusa, yana kwantar da tarzoma. Na Yohanna Kilimakus kuma yana sa sababbin dabarun zamani su yaɗu da sauri a ƙasarka.

Na ƙarshen nan ya ba ni dariya. Yohanna Kilimakus rahibi ne da ya rayu a dutsen Sina'i wajen ƙarni na 7, ya rubuta littafi a kan tsani mai matakai talatin da mai gudun duniya zai taka ya bar son zuciya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa mutane su saki duniya, ga shi an ɗauke shi aikin shigo da injin ɗab'i da cinikin ƙetare. Amma kada a yi saurin cewa masu wasan shirme suka yi gaba ɗaya. Sarakunan Mosko da gaske sun fita yaƙi da hotunan nan a gaban runduna. A 1395, da aka ji sarki mayaƙi Timur ya doso, an ɗauko shahararren hoton Maryama daga Biladimir aka kawo shi Mosko, kuma da Timur ya juya bai ƙaraso ba, mutanen gari sun ce hoton ne ya kore shi. Ga sarki, hoto makami ne, kuma wasan ya kama wannan daidai.

Abin da ya kuɓuce masa shi ne ɗakin talaka. A gidan baƙauyen Rasha akwai kusurwa guda da ake jera hotunan, da 'yar fitila a gabansu. Baƙo in ya shigo, can yake fara fuskanta kafin ya gaida masu gida. Da hoton ake sa wa amarya albarka, shi ake ɗora wa mamaci a ƙirji. Masu zanen, irin su Andire Rubilof na farkon ƙarni na 15, da azumi da addu'a suke shiga aikin. Wannan ba abin da ke ƙarewa bayan shekara ashirin a sake sayen wani ba ne.

Sunan ƙarin kansa yana da irin wannan matsala. Maganar Roma ta Uku ta fito ne daga wasiƙun wani rahibi mai suna Filofe, a wani gidan ruhubanawa kusa da birnin Piskof, a farkon shekarun 1520. Abin da ya ce a taƙaice shi ne Roma ta farko ta ɓata, ta biyu ta faɗi, Mosko ce ta rage, kuma bayanta babu wata. Wanda ya ji wannan a yau zai ɗauka kirarin yaƙi ne. Amma wa'azi ne mai ɗauke da tsoro. Mutumin yana jan kunnen masu mulki ne cewa su ne na ƙarshe, in suka bari addini ya gurɓace, ko suka taɓa dukiyar coci, sai tashin kiyama. Maganar ta shiga takardar da aka kafa kujerar Fatriyak ta Mosko da ita a 1589, lokacin da Fatriyak Irimiya na Kustantiniya ya zo neman taimakon kuɗi, Boris Godunof ya yi amfani da damar ya sa aka ɗaga darajar Ayuba, shugaban cocin Rasha. Bayan nan ba ta zama taken fada ba. Masana tarihi da dama sun nuna cewa sai da aka buga wasiƙun a shekarun 1860 ne 'yan boko da 'yan kishin ƙasa suka ɗauke ta suka mai da ita shirin cin duniya, daga baya kuma Turawan yamma suka riƙe ta a matsayin hujjar cewa Rasha haka take tun fil azal. Wasan wannan fassara ta baya-bayan nan ya gada, domin ita ce ta dace da wasan da ake cin sa da faɗin ƙasa.

Inda wasan ya fi burge ni shi ne wajen tsarin sarauta. Ya bambanta ƙasashen da yarima ke mulka da waɗanda taron gari ke mulka, irin su Nobgorod da Piskof, inda ake kaɗa ƙararrawa mutanen birni su hallara su yanke shawara, su ɗauki yarima aiki, su kuma sallame shi in ya gaza. Duk wanda ya ɗauki Mosko ya san aikinsa na farko shi ne murƙushe Nobgorod, kuma haka Iban na Uku ya yi: ya ci su a bakin kogin Shelon a 1471, ya haɗiye birnin a 1478, ya sa aka kwance ƙararrawar taron aka tafi da ita Mosko. Shi ne kuma ya auri Sofiya, 'yar ɗan uwan sarkin Rumawa na ƙarshe, a 1472, ya tsaya ƙyam a gaban Ahmad Khan a kogin Ugra a 1480 har Tatarawa suka juya ba a gwabza ba. Jikansa, Iban na Huɗu, aka naɗa Tsar a 1547. Kalmar nan Kaisar ce aka gutsure.

Wasan ya ba mai riƙe da wannan sarauta maɓallai uku. Ɗaya na gyaran kundin doka ne, wanda ke rage wa larduna cin gashin kai. Ɗaya na tara 'yan bindigar nan da ake kira Istireltsi, rundunar da Iban na Huɗu ya kafa wajen 1550. Na ukun sunansa goyon bayan Ofirichinina, kuma in ka danna shi, 'yan tawaye sukan ja da baya. Ofirichinina rundunar baƙaƙen kaya ce da Iban ya saki a kan mutanensa daga 1565 zuwa 1572. Su suka yi wa Nobgorod kisan kiyashi a 1570. Shugaban coci Filib, da ya ƙi sa wa sarki albarka saboda wannan ta'asa, an tube shi, kuma ɗaya daga cikin manyan rundunar ya shaƙe shi a ɗakin da aka tsare shi a 1569. A allo kuwa, maɓalli ne mai kyan gani da za ka yi ta jiran ya cika.

Launi ɗaya a kan taswira

Ga mai karatu Musulmi, gabas ce za ta fi tsaya masa a rai. Mutanen kogin Bolga sun karɓi Musulunci tun 922, lokacin da Ibn Fadlan ya je da saƙon Halifan Bagadaza, wato shekara sittin da shida kafin Kiyef ta zama Kirista. Iban na Huɗu ya ci Kazan a 1552, ya ci Astarakan a 1556, kuma cocin nan mai hasumiyoyi kala-kala da ake nunawa duk lokacin da aka ambaci Mosko a talabijin, don murnar cin Kazan aka gina shi. A wasan, bayan ka ci yankin sai ka tura mai wa'azi, ka biya kuɗinsa wata-wata, ka zuba ido wani layi yana cika. In ya cika, yankin ya canza launi, an gama. A ƙasa ba a gama ba. An yi ta matsa wa Tatarawa, musamman a shekarun 1740 da aka rushe ɗaruruwan masallatai a yankin Kazan, amma yawancinsu ba su bar addininsu ba, wasu da aka yi wa baftisma ma jikokinsu sun koma. Daga ƙarshe gwamnati ce ta gaji. Sarauniya Katarina ta Biyu ta sassauta a 1773, a 1788 kuma ta kafa majalisar malaman Musulunci da muftinta, wadda ta zauna a birnin Ufa. Ta gane cewa ya fi sauƙi a ɗauki malami aiki da a kore shi.

Sibiriya ta fi haka sauƙi a wasan. Akwai wata dabara da aka ba Rasha: duk yankin da ba shi da gwamnati kuma yana manne da iyakarka, ka biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, shi da kansa zai yi ta cika har ya zama naka. Saurin ba ƙarya ba ne. Yarmak da mayaƙansa na Kosak, da kuɗin attajiran gidan Istoroganof, sun kori Kuchum Khan na Sibiriya daga babban birninsa a 1582. An kafa Tobolsk a 1587, Yakutsk a 1632, kuma a 1639 'yan Rasha sun tsaya a bakin tekun Okotsk. Cikin ƙasa da shekara sittin sun ratsa faɗin nahiya guda. Abin da ya ja su shi ne fatar wata 'yar dabba mai kama da tunku da suke kira sobol, wadda gashinta ke da tsada a kasuwannin Turai. Kowace ƙabila aka tarar, sai a ɗora mata yasak, wani irin jangali da ake biya da fatu, a kama 'ya'yan manyanta a tsare a sansani don kada a ƙi biya. Agana ta bi sawun 'yan kasuwa ta yi ɓarna mai yawa. A taswirar wasan, mazauna wurin adadi ne a gefen allo, kuma dabarar ta sa ba sai ka yi faɗa da su ba.

Amma babban abin da ma'aunin Fatriyak ba zai iya aunawa ba, a cikin cocin kansa ya faru. A 1652 aka naɗa Nikon Fatriyak, mutum mai ƙarfin hali da taurin kai, ya ɗauki aniyar gyara littattafan ibada su dace da na Girkawan zamaninsa. Ya ce a riƙa yin alamar gicciye da yatsu uku maimakon biyu. A ƙara harafi ɗaya a rubutun sunan Yesu. A faɗi Halleluya sau uku maimakon biyu. In za a zagaya coci, a juya ta ɗaya hannun. Wanda ke nesa zai ce wannan ai ba abin faɗa ba ne, amma duk wanda ya san irin zafin da ƙabalu da sadalu suka taɓa haifarwa a masallatanmu ba zai yi dariya ba. Mutane suka ce, in mu ne Roma ta ƙarshe, in Girkawa ne suka sayar da addini a Fulorans, don me za mu koma mu koyi ibada a wurinsu? A nan ne maganar Filofe ta yi aiki da gaske, a bakin masu bijire wa sarki.

Taron coci na 1666 zuwa 1667 ya yi abu biyu a zama ɗaya: ya tube Nikon saboda ya nemi ya fi sarki, ya kuma la'anci duk wanda ya ƙi gyaran Nikon. Ruhubanawan tsibirin Solobki sun rufe ƙofa, sojan sarki suka kewaye su shekara takwas, daga 1668 zuwa 1676. Jagoran masu tsohuwar aƙida, Abakum, an tsare shi shekaru a wani rami a can arewa mai ƙanƙara, aka ƙone shi da rai a 1682. Dubbai sun kulle kansu a cikin coci-cocin katako sun cinna wuta da suka ji soja na tafe. A wasan, irin wannan yakan zo maka ne a matsayin ɗan akwatin saƙo mai zaɓi biyu, ka duba wanne ya fi araha ka danna.

Wanda ya fi kowa kama da mai wasan shi ne sarki Bitrus Babba. 'Yan bindigar Istireltsi, waɗanda da yawansu ke da ra'ayin tsohuwar aƙida, sun yi masa bore a 1698, ya kashe fiye da dubu, wasu ya rataye su a jikin ganuwa. Ya sa harajin gemu, ya ninka wa masu tsohuwar aƙida haraji, ya narkar da ƙararrawar coci ya yi igwa bayan Suwidawa sun ci shi a Narba a 1700. A wannan shekarar Fatriyak Adiriyan ya mutu, Bitrus ya ƙi naɗa wani. A 1721 ya soke kujerar ɗungurungum, ya maye ta da majalisar bishop-bishop, daga baya ya ɗora mata jami'in gwamnati mai sa ido. Katarina ta ƙarasa aikin a 1764 da ta ƙwace gonakin coci da manoman da ke ɗaure a kansu. Rasha ba ta sake yin Fatriyak ba sai 1917. Ke nan shekara ɗari na ƙarshe na wasan, ma'aunin da kake ta lallaɓawa yana ɗauke da sunan kujerar da babu kowa a kanta.

Rigimar wa ke gaba tsakanin Roma ta biyu da ta uku kuwa ba ta mutu ba. A 2018 Mosko ta yanke hulɗa da Fatriyak na Santambul saboda shirinsa na ba cocin Yukiren 'yancin kai, abin da ya tabbatar a farkon 2019. Da Fatriyak na Iskandariya ya goyi bayansa, Mosko ta rama a ƙarshen 2021 da buɗe nata reshen a Afirka, nahiyar da tun da can ake ɗauka hurumin Iskandariya ce.

Masu yatsu biyu su ma ba su ƙare ba. Sun watsu cikin dazuzzukan Ural da Sibiriya, wasu sun tsallaka Romaniya, wasu har Alaska da Kudancin Amurka. A 1978 wasu masu binciken ma'adinai da ke shawagi da jirgi mai saukar ungulu a kan tsaunukan kudancin Sibiriya, wajen kogin Abakan, sun hango 'yar gona a inda taswirarsu ta ce babu kowa. Da suka sauka suka tarar da wani tsoho da 'ya'yansa huɗu a bukkar katako, sun fi shekara arba'in rabonsu da mutane. Ba su da labarin an yi Yaƙin Duniya na Biyu. Suna da littattafan ibada na kafin Nikon da hotuna da hayaƙi ya baƙanta, kuma da baƙin suka tambayi tsohon abin da ya kawo shi nan, cikin waɗanda ya ambata da ɓacin rai har da Bitrus.